Gefen Allon Malam Maazou

Duk wanda ya fito daga metoro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, a Château Rouge, ya bi ta gaban mahauta, ya wuce matan da ke sayar da kuɓewa da busasshen kifi, zai iske wani ɗan shago da faɗinsa bai fi mutum ya ware hannuwansa biyu ba. Nan ne wurin Malam Maazou tela, mutumin Damagaram, shekara ashirin da shida ke nan. Keken ɗinki yana nan a kusurwa, amma ba shi ne abin alfaharinsa ba. Aikin hannu ya gada wurin mahaifinsa: wuyan riga, aljihu, bakin hannu, allura da zare kawai. In Sallah ta matso, har daga unguwar Porte de la Chapelle 'yan Cadi da 'yan Kamaru suke kawo masa shadda, su tsaya a bakin ƙofa, don cikin ba ya ɗaukar mutum uku.

Mutum ne mai son girma, wannan kam ko shi ba zai musa ba. Bai taɓa tambayar hanya a Paris ba. Gara ya yi awa guda yana zagaye da ya ce wa wani ya ɓata. In mura ta kama shi, ƙurar yadi ce. Matarsa Hapsatou, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana fama da wannan hali, ta daɗe da daina gardama da shi. Takan ajiye masa magani kusa da kofin shayi, ta yi gaba abinta.

Bayan ɗinki, abu ɗaya ne ya mallaki zuciyarsa, wato darar Turawa da Faransawa ke kira eshek. Tun yana ƙarami a unguwar Birni ta Damagaram ya taso cikin 'yan dara, irin wadda ake haƙa gidajenta a rairayi, wannan ya ɗauki tsinke, wancan ya ɗauki kashin raƙumi, ana yi ana shewa, 'yan kallo sun fi masu wasan baki. Da ya zo Paris, ba ranar da ta fi yi masa tsawo kamar Lahadi. Wata rana ƙafa ta kai shi lambun Luxembourg, ya ga tsofaffi sun sunkuya kan alluna shiru kamar masu zaman makoki. Ya tsaya kallo. Wata uku yana zuwa yana tsayawa, bai tambayi kowa komai ba. Da ido ya gane yadda doki ke tsalle, yadda hasumiya ke tafiya a miƙe, da yadda wawan sarki ke bin karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ranar da wani tsoho ya turo masa kujera da ƙafa, Maazou ya sha kashi sau huɗu a jere, ya koma gida yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Daga baya ya shiga ƙungiya, ya fara zuwa gasa, aka ba shi maki kamar kowane ɗan wasa mai rajista, makin da ke hawa in ka ci, ya sauka in an cinye ka. Nasa ya taɓa kaiwa dubu ɗaya da ɗari takwas da goma. Ba makin manyan gwanaye ba ne, amma a layinsu ba wanda ya san haka, shi kuma bai ga dalilin yi musu bayani ba.

Shekaru da yawa Hapsatou tana ƙorafin Lahadi. "Malam, mutane suna zuwa suna, suna zuwa gaisuwar rasuwa, kai kana can kana kiwon dawakin katako." Amma a shekara biyun nan sai ta sauya. Da an idar da sallar Azahar, ita ke miƙo masa jakarsa. "Tahi, tahi, kar abokanka su gaji da jira. Bar mini makullin butik in share shagon." Malam Maazou ya ɗauka hankali ne ya zo mata daga ƙarshe, har ya faɗa wa maƙwabcinsa mahauci cewa zama da mace sai haƙuri.

Shekara biyun nan kuwa su ne shekarun da idonsa ya fara tafiya. Ya je wurin likita shi kaɗai, ya ce wa Hapsatou zare zai sayo. Likita ta ce hawan jinin ido ne: abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa zai dai rage wa sauran gudu. Ya ɓoye kwalbar a jakar dara, ƙarƙashin agogon wasa. Gefe-gefe ne ya fara cinyewa, ya zama kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu, abin da ke tsakiyar ma dishi-dishi. Zura zare a allura ya koma yaƙi, ya ɗora laifin a kan masu ƙera alluran zamani. Sai dai kowace safiya yakan tarar da allurai goma sha biyu a soke jikin ɗan matashi, kowace da zarenta. Hapsatou ta ce hannunta ne ba ya son zaman banza, shi kuma ya karɓi wannan magana hannu bibbiyu.

A shago ya ga kamar asirinsa a rufe yake, tunda ba wanda ya taɓa dawo masa da riga. A kan allo ne abin ya ƙi ɓoyuwa. Yana zaune yana tsara yadda zai kama sarkin abokin wasa, sai wawa ya faɗo masa daga can kusurwar da bai gani ba, ya kwashe masa hasumiya. Makinsa ya yi ta zuba har ya dawo dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in. 'Yan ƙungiya suka ce gajiyar aiki ce, ya ce ƙwarai kuwa.

Sai ya yanke shawara shi kaɗai, kamar yadda ya saba. Akwai gasar kwana uku a Lyon a watan Mayu. Ita ce za ta zama ta ƙarshe. Yana son wasan nan kamar ransa, kuma barinsa zai yi masa ciwo, ya sani. Amma in zai ci gaba, dole wata rana ya buɗe baki ya ce wa wani ɗan Adam, "Ba na gani." Kalmomi uku ne, ya gwada su a gaban madubi ma sun ƙi fita. Gara ya dawo daga Lyon ya ce wasan ya ishe shi, ya ba ƙungiya allonsa, magana ta ƙare.

Ya ɗinka wa kansa sabon kaftani na shuɗiyar shadda don tafiyar, da aikin hannu a wuya da bakin hannu. Aikin da a da yake gamawa cikin mako guda, wannan karon ya ci masa mako biyar. Ranar Lahadin da ta rage, Hapsatou ta karɓe shi, ta ce za ta goge.

Da safiyar tafiya ta rako shi har bakin ƙofa. "Allah ya ba da sa'a, Malam. Ka riƙa kula da matakala."

"Mi ya sami matakala?"

"Ba komi. Na Lyon ne na ji an ce suna da santsi."

Awa biyu jirgin ƙasa ya sauke shi a tashar Part-Dieu ta Lyon. A wani babban ɗakin motsa jiki aka yi gasar, tebura a jere, mutum sama da ɗari, ba ka jin komai sai ƙarar danna agogo da tarin tsofaffi. Cikin kwana biyu ya ci wasa ɗaya, aka cinye shi biyu, ɗaya suka yi kunnen doki. Ranar Lahadi, bayan ya yi Azahar a wani lungu bayan tabarmin 'yan tsalle-tsalle, ya je ya kanga fuskarsa jikin takardar da aka liƙa a bango har hancinsa na taɓa ta. Wasansa na ƙarshe a duniya: shi ke da farare, abokin karawarsa wani Guillaume, mai maki dubu ɗaya da ɗari bakwai da biyar.

Teburinsu yana can ƙarshen ɗaki, an ɗan ware shi daga sauran. Da ya ƙarasa sai ya ga dalili. Alluna biyu ne a kai. Babba irin na kowa, da wani ƙarami na katako a gaban wani tsohon Bature mai farar ƙasumba, farar sanda a jingine jikin kujerarsa. Malam Maazou ya ja kujera ya zauna. Duk mutanen da ke ɗakin nan, a rasa wanda za a haɗa shi da shi sai makaho. Ya ji kamar da gangan aka yi don a nuna masa gobensa.

Alƙaliyar wasa, wata mata mai suna Sandrine, ta zo ta yi masa bayani ƙasa-ƙasa. Mushe Guillaume, wato Malam Guillaume a bakin Faransawa, zai yi wasa a ƙaramin allonsa da hannu. Kowa in ya yi tafiya zai faɗe ta da baki, ɗayan ya maimaita. Don kar haruffa su ruɗe a kunne, kowane layi na allo yana da suna: Anna, Bella, Cesar, David, Eva, Felix, Gustav, Hector. Kuma Malam Maazou ne zai riƙa matsar da 'ya'yan Guillaume a babban allo, tunda shi ne mai ido. Haka ta ce, shi ne mai ido. Ya gyaɗa kai.

Suka gaisa. Guillaume ya riƙe hannunsa da hannu biyu, yatsunsa suka ɗan daɗe a bakin hannun kaftanin, suna bin ɗinkin.

"Aikin hannu," in ji tsohon da Faransanci. "An daɗe ban taɓa irinsa ba."

"Ni na yi," in ji Maazou, ya ɗan gyara zama.

Aka danna agogo. "Eva huɗu," in ji Maazou. "Eva huɗu," Guillaume ya maimaita, ya zare farin dakare, ƙaramin ɗan wasa, daga raminsa ya soke a wani. Abin ya fara yi wa Maazou banbaraƙwai, daga baya ya ji daɗinsa. Sama da shekara ashirin yana wasa da baki a rufe, yau ga shi ana dara ana magana kamar a gida. Ya riƙa satar kallon hannuwan tsohon. Ba sa hutawa, suna yawo a kan allon a hankali, suna shafa kan doki, su leƙa kusurwa, su dawo. Ba gidan da suke tsallakewa.

A tafiya ta goma sha huɗu Guillaume ya ce, "Wawa, Anna shida."

"Wawa, Anna shida," in ji Maazou. Ya rubuta a takardarsa, ya ɗauki baƙin wawan ya tura shi a karkace zuwa gefen allo. Ya ajiye shi inda ya ga allon ya ƙare. Allon kuwa bai ƙare ba. Ganinsa ne ya ƙare. Wawan ya tsaya a Bella bakwai, saura gida guda ya kai inda aka aike shi.

Wasa ya ci gaba, kowa da nasa allon, ba wanda ya san sun rabu hanya. Wani abu ya riƙa sukar Maazou a rai, kunnensa na gaya masa akwai haɗari ta hagu, amma in ya duba sai ya ga lafiya lau. Ya bi ido. Bayan tafiya shida ya ga wata dama mai kyau, ya fito da sarauniyarsa. "Sarauniya, David uku."

Guillaume ya maimaita, hannunsa ya tsaya cak. Ya sake shafa hanyar daga kusurwa, gida-gida, kamar mai shakkar kansa. Sannan a hankali ya ce, "Wawa ya ci, David uku."

"Ba zai yiwu ba," in ji Maazou. "Wawanka ba ya kan wannan hanyar."

"Yana Anna shida, Mushe. Tun ɗazu yake zaune can."

Sandrine ta zo. Ta dubi babban allo, ta dubi ƙarami, ta saurari 'yar na'urar da Guillaume ke naɗar tafiyarsa a ciki. Sannan ta faɗi doka. In abin da wannan ya rubuta da abin da wancan ya naɗa ya zo ɗaya, to wanda ya ajiye ɗan wasa ba daidai ba shi zai gyara allonsa, a ci gaba a haka. In kuwa ya saɓa, za a koma baya zuwa inda suka rabu, a sake daga nan. Ta ɗauki takardar Maazou, ta ɗaga ta, ta karkata ta. Rubutun ya hau kan juna, ya fita daga layi, kamar sawun kaji a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Mushe Maazou, ban iya karanta wannan ba. Me ka rubuta a ta goma sha huɗu?"

Ga ƙofa a buɗe. In ya ce Bella bakwai, sarauniyarsa ta dawo, kuma za a ce kunne ne ya yi kuskure, abin da kan sami kowa. Ba wanda zai tambaye shi komai. Zai gama wasansa na ƙarshe da mutuncinsa, ya hau jirgi. Ya dubi tsohon da ke zaune hannuwansa a kan allo yana jira, bai ko juyo da fuska ba. Malam Maazou yana da son girma, amma bai taɓa cin haƙƙin mutum a wasa ba, ko a rairayin Birni, balle ya fara da makaho.

"Anna shida na rubuta," in ji shi. "Na ji, na maimaita, na rubuta."

"To me ya sa ka ajiye shi a nan?" Ba da faɗa ta tambaya ba, mamaki ne kawai.

Ya ji zufa na bin bayansa a cikin sabuwar shadda. Sai maganar ta fito da kanta, da Faransanci, a gaban baƙi biyu da bai taɓa gani ba.

"Ban ga gefen allon ba, Madam. Ba na gani sosai. Shekara biyu ke nan."

Ya jira rufin ɗakin ya faɗo. Bai faɗo ba. A teburin kusa wani ya danna agogo, wani ya yi tari. Sandrine ta ce ta yi baƙin ciki, amma doka doka ce. Ta matsar da wawan da hannunta, ta ɗauke farar sarauniya ta ajiye a gefe. Ta ƙara da cewa in ya sanar tun farko a gasa ta gaba, shi ma yana da damar zuwa da allon hannu. Ta faɗe shi ne kamar mai nuna wa mutum inda ake ajiye laima.

Wanda ya rasa sarauniya a banza, yawanci miƙa hannu yake ya ce ya sallama. Maazou ya ɗaga hannu zai yi haka, sai Guillaume ya ce ƙasa-ƙasa, "Kar ka yi mini rowa. Ka ji komai da kunnenka ai. Rufe idon, ba ya taimakonka."

Ya rufe, don kunya ma ta sa yana son rufewa. Da farko duhu ne kawai. Can sai allon ya fara fitowa, daga Anna har Hector, gida sittin da huɗu cif, kusurwa huɗu duk a wurinsu, tas kamar yadda yake ganinsu shekara goma da suka wuce. Ashe yana nan a kansa, idon ne ke yanke masa shi. Hawaye ya taru masa, ya bar shi a bayan fatar ido. Yakan buɗe ido ne kawai in zai matsar da ɗan wasa, nan ma sai ya ƙirga gidajen da yatsa.

Tafiya ashirin da uku ya ƙara yi ba sarauniya. Ya haɗa dawakinsa biyu suka addabi baƙin sarki, har Guillaume ya cire hula ya share goshi, ya yi minti goma sha biyar hannuwansa na kai da kawowa. An cinye Maazou dai daga ƙarshe, don ba a wasa da rashin sarauniya. Amma rabon da ya yi wasa mai daɗin wannan, shi kansa ya manta.

Bayan sun sa hannu a takarda, Guillaume ya ce akwai wurin shan kofi a tsallaken titi. "Kama mini gwiwar hannu. Ko in kama taka. Mu biyun dai mu lallaɓa." Suka tsallaka suna dariya, ba a san wa ke jan wa ba.

A can tsohon ya ajiye ƙaramin allon, ya kamo hannun Maazou ya ɗora a kai. Baƙaƙen gidaje sun ɗan fi farare tudu. Kowane baƙin ɗan wasa yana da ɗan ƙusa a ka. Kowa da ɗan turkensa a rami, ba mai faɗuwa. Yatsun tela ne, ba su ɗauki minti biyar ba suka gane gari.

Guillaume ya ba shi labarinsa a taƙaice. A tudun Croix-Rousse, nan cikin Lyon, ya yi aiki, a wata ƙaramar masaƙar siliki, shi ne mai duba aibin yadi kafin ya fita. Yana da shekara hamsin idonsa ya tafi. Ya yi shekara guda a ɗaki yana fushi da kowa, har matarsa ta sayo wannan allon ta dangwara masa a cinya. "Shekara goma sha tara tana karanta mini wasanni, ita da ba ta san doki daga jaki ba. Yanzu ta rasu, na'ura ke karanta mini. Na'urar ba ta gajiya, amma ba ta zagina in na yi wauta." Ya juyo wajen Maazou. "Kai wa ka gaya wa a gida?"

"Ba kowa."

"Ba kowa," Guillaume ya maimaita, kamar tafiyar dara. Ya lalubo hannun kaftanin ya sake bin ɗinkin da babban yatsa, a hankali, daga farko har ƙarshe. "Ka ce kai ka yi wannan?"

"Ni na yi."

"Kai ka fara, na yarda. Ga hannunka nan, mai jan zare da ƙarfi, hannun gwani. Amma nan, da nan, da nan kuma, an warware an sake. Wani hannu ne, ya fi naka sassauci, yana ƙulla zarensa ta hagu. Ya yi ƙoƙari ya kwaikwaye ka, ido ba zai taɓa ganewa ba. Shekara talatin ina wannan aikin, Mushe. Mutum biyu ne suka ɗinka rigar nan."

Malam Maazou ya dubi hannun rigarsa. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai ƙulla zare ta hagu.

A jirgin komawa, rana ba ta faɗi ba tukuna, gonaki na wucewa ta taga, shi kuwa bai kalle su ba. Ƙaramin allon yana kan cinyarsa. Guillaume ya ce aro ne, yana da wani a gida, a dawo masa da shi Mayu mai zuwa ya sake ba shi kashi. Ya rufe ido ya bi bakin hannun rigarsa da yatsa. Ga su nan kuwa. Ya ƙirga wuri goma sha ɗaya a hannun dama kaɗai. Ya tuna makullin butik, ya tuna sharar da ba ta ƙarewa duk Lahadi, ya tuna rigunan Sallar shekara biyu da ba wanda ya dawo da ko ɗaya. Ya tuna abin da ya gaya wa mahauci game da haƙuri, kunya ta rufe shi har ya sa hannu ya kare fuska. Tausayinta da sonta suka cika masa ƙirji, ya rasa inda zai sa kansa.

Washegari Litinin bai tsaya shan shayi wurin mahauci ba kamar kullum, ya wuce shago kai tsaye. Hapsatou tana zaune a kujerarsa, ɗan matashin a cinyarta, ta zura allura bakwai, ta takwas na hannunta. Ta ɗago a firgice kamar wadda aka kama tana satar nama a tukunya.

"Malam, yau da wuri haka? Jiya ka ce gajiya, ban tambaye ka ba. An ci, ko an cinye ka?"

"An cinye ni." Ya jawo ɗan benci ya zauna a gabanta, gwiwarsu na haɗuwa saboda ƙuncin wurin. Da Faransanci ta fita jiya. Da Hausa ta fi nauyi, ya ji haka. Ya dai daure. "Hapsatou, ba na gani."

Ta soke allurar a matashi. Ta daɗe tana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

"Na sani, Malam. Tun ranar da ka tahi sayen zare ka dawo ba zare."

"Mi ya hana ki faɗa?"

"Kai mi ya hana ka? Na ce in na riga ka, ka rasa ido ka rasa girma rana guda. Na bar maka ɗaya." Ta ɗauki wata allura. "Maganin ma da kake ɓoyewa ƙarƙashin agogo, ni ke duba ranar da zai lalace."

Ya miƙa mata hannun kaftanin, don shi ya sake sawa. "Wani makaho ya ce ki riƙa jan zarenki da ƙarfi. Ya ce hannunki ya cika sassauci."

"Makahon ya zo ya yi da kansa mana!" Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta goge da bakin mayafi. "Wallahi na gaji da ɓoyo, Malam. Ka ɗinka, in zauna kusa da kai in gyara, ido na ganin ido. To, nawa dai na ganin naka."

Ya ce ya yarda. Sannan ya buɗe jaka ya fito da ƙaramin allon, ya ɗora a kan teburin yanka, ya ba ta takardar wasan jiya. Ya gaya mata da ya yi niyyar bari, yanzu kuma ya fasa, amma yana bukatar mai karanta masa. Ya koya mata sunayen layukan. Ta ce ita dai ta shiga uku, ta rabu da sharar ƙarya ta faɗa kiwon dawakin katako.

Ta riƙa karantowa tana tsaki saboda munin rubutun, inda ta kasa shi ya cika mata daga ka. Idonsa a rufe, yana zare 'ya'yan yana sokewa. A waje masu kuɓewa sun fara kiran ciniki. Da suka zo ta goma sha huɗu, ta kai takardar kusa da fuska.

"Wannan kam ko aljani ba ya karanta shi."

"Wawa, Anna shida," in ji shi.

Ya zare baƙin wawan, ya bi hanyar da yatsa. Gida ɗaya. Bai tsaya ba wannan karon. Gida biyu, har ya ji katako ya ƙare. Can a gefen allon, inda idonsa ya daɗe ba ya kaiwa, ya iske hannunta tana riƙe masa shi kar ya zame.